Cajin waya, cajin banki da caji ofis: kalma ɗaya ce ko uku?

Da safe mutum ya kai wayarsa shagon caji. Da hantsi ya tura wa ƙaninsa kuɗin makaranta, sai ga saƙon banki an cire masa "charges". Da yamma kuma labari ya zo cewa ɗan maƙwabcinsa yana caji ofis, gobe za a kai shi kotu. Sau uku ke nan a wuni guda ya gamu da kalma ɗaya. Me ya haɗa batirin waya da kuɗin da banki ke cirewa da ofishin 'yan sanda? Kuma idan jarida ta rubuta cewa an yi "charging" ɗin wani, me aka yi masa takamaimai?

Tambayar ba ta 'yan aji ba ce kaɗai. Duk lokacin da aka gurfanar da wani sananne a kotu, ko Babban Bankin Najeriya ya fitar da sabuwar sanarwa kan cire kuɗi, wannan kalma ce ke tsakiyar muhawara, kuma mutane da yawa suna yanke hukunci a kan ma'anar da ba ita aka nufa ba. Na sha jin an ce "ai an riga an caje shi" da nufin magana ta ƙare, an tabbatar ɓarawo ne. Na kuma sha jin ana tsine wa banki kan kuɗin da ba aljihunsa suka shiga ba. Dukansu kuskuren fahimtar kalma ne, kuma kuskure ne da ke iya cin mutuncin mutum ko kuɗinsa.

Asalin kalmar: amalanke da kaya

Kalmar "charge" ba 'yar asalin Ingila ba ce. Ta shiga Turanci ne daga Faransanci a wajen ƙarni na 13, bayan da Normawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi a 1066, harshensu ya zama na fada da kotu. Shi ma Faransancin ya gaje ta ne daga Latin, inda "carricare" ke nufin yi wa amalanke lodi, ita kuma amalanken sunanta "carrus". Daga wannan tushe ne Turanci ya samu "car" wato mota, da "cargo" wato kayan da jirgi ke ɗauka, da "carry" wato ɗauka. Har a yau idan ɗan Maraɗi ko Damagaram da ya yi boko da Faransanci ya ga ana yi wa babbar mota lodi, "charger" zai kira aikin.

To ma'anar farko ke nan: ɗora kaya. Wanda ya riƙe wannan ya samu bakin zaren, domin Hausa ma haka take sarrafa kalmar "ɗora". Muna ɗora wa jaki kaya, muna ɗora wa mutum laifi, hukuma tana ɗora wa talaka haraji, sarki yana ɗora wa hakimi nauyin jama'a. Ba wanda ke ruɗewa, domin mun san abin da aka ɗora shi ke bambanta maganar. Haka "charge" take. Wani lokaci abin da aka ɗora wuta ce, wani lokaci kuɗi, wani lokaci laifi, wani lokaci amana.

Masu cewa Turanci harshe ne mai rikici saboda kalma ɗaya tana da ma'ana goma, su tuna da "ci" a namu harshen. Mun ci tuwo, mun ci jarrabawa, mun ci bashi, mun ci kasuwa, wane ya ci sarauta, wane ya ci amana. Baƙon da ke koyon Hausa haka yake shan wahala da ita.

Daga ɗurin bindiga zuwa batir

Bayan amalanke, Turawa sun yi amfani da kalmar wajen ɗura wa bindiga albarushi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindigar sarki ranar hawan sallah ya ga aikin: a zuba albarushi ta baki, a danna da ƙarfe, sannan a harba. Wannan ɗurin da kuma albarushin da aka ɗura, duka "charge" ake ce musu.

Da masana suka fara gwaje-gwajen lantarki a ƙarni na 18, sai suka ari wannan hoton. A wajen 1745 aka ƙirƙiri wata kwalba da ke iya riƙe wutar lantarki, wadda aka raɗa wa sunan birnin Leiden na ƙasar Holan. Ana ɗura mata wuta, ta riƙe, idan an taɓa ta saki a lokaci guda kamar harbi. Benjamin Franklin na Amurka yana cikin waɗanda suka yaɗa amfani da "charge" a wannan fanni, kuma shi ne ya kawo rabon nan na "positive" da "negative" da muke gani a jikin kowane batir. Don haka cajin waya ɗuri ne. Kati da ake sa wa layi kuwa, wanda ya zama ruwan dare tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, "recharge" ake ce masa, wato sake ɗuri, sai dai a nan kuɗin kira ake ɗurawa.

Akwai kuma ma'anar yaƙi, wato afka wa abokan gaba a guje da dukan nauyin jiki da na doki. Idan Bature zai ba da labarin yadda mahayan Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka riƙa kai sukuwa kan sojojin Ingila a Kwatarkwashi a watan Fabrairun 1903, inda Wazirin ya rasu, wannan kalmar zai sa. Ita ce kuma ake fassara jahi da ita, sa'ad da mahaya suka zaburo a guje suka ja linzami gaban sarki da hannu a ɗage. Wannan ma'anar ba ta shigo Hausa ba, domin muna da namu kalmomin tun kafin zuwan Bature.

Cajin kuɗi: aljihun wa suke shiga?

A harkar kuɗi, "charge" ita ce abin da aka ɗora maka ka biya saboda wani aiki da aka yi maka. Mai gyaran mota yana da cajinsa, asibiti yana da nasa, mai POS na bakin titi kafin ka miƙa masa kati sai ka tambaye shi nawa ne caji. Wanda ya rayu a Najeriya a farkon 2023, lokacin canjin takardun Naira da ƙarancin tsabar kuɗi, ya san yadda wannan tambaya ta zama abin fargaba, domin mutane sun riƙa sayen kuɗinsu da kuɗinsu. Idan aka ce abu "free of charge" ne, to kyauta ne. Idan aka ce "surcharge", ƙari ne a kan cajin asali. "Overcharge" kuwa tsawwalawa ce.

Ruɗanin yana zuwa ne daga saƙon banki, inda abubuwa iri-iri ke taruwa a ƙarƙashin suna ɗaya. A ɗauki tura kuɗi daga banki zuwa wani banki. Ƙa'idar caje-caje da Babban Banki ya fitar, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020, ta ƙayyade Naira 10 idan kuɗin bai wuce 5,000 ba, Naira 25 daga nan zuwa 50,000, sai Naira 50 ga abin da ya haura haka. Amma abin da mutane suka saba gani a wayoyinsu shi ne 10.75 da 26.88 da 53.75. Wannan ɗan ɗorin na sama harajin VAT ne na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda banki ke karɓa ya miƙa wa gwamnati. Ke nan a saƙo ɗaya akwai ladan banki, akwai haraji.

Haka ma Naira 50 ɗin nan da ke fita idan kuɗin da aka tura sun kai 10,000. Ba cajin banki ba ce. Haraji ne da Dokar Kuɗi ta 2020 ta tanada kan tura kuɗi ta na'ura, kuma a watan Disamban 2024 aka fara karɓarsa har a manhajoji irin su Opay da Moniepoint, abin da ya sa masu amfani da su da yawa suka ɗauka kamfanonin ne suka ƙara kuɗi. A watan Mayun 2024 ma an ga irin wannan, sa'ad da Babban Banki ya umarci bankuna su fara cire rabin kashi ɗaya cikin ɗari a matsayin harajin tsaron intanet. Jama'a suka yi ca, aka janye umarnin a cikin watan. A bakin mutane sunansa "sabon cajin banki", alhali a takarda "levy" ne, wato haraji na musamman da doka ta ɗora.

Wanda kuwa yake caji na gaskiya shi ne na na'urar ATM da ya fara aiki ranar 1 ga Maris 2025: Naira 100 kan kowace 20,000 idan ka cira a na'urar da ba ta bankinka ba, sannan idan na'urar ba a harabar banki take ba ana iya ƙara har Naira 500. Wannan ƙarin shi ne "surcharge".

Bankuna suna da hujjarsu. Suna cewa man janareta da kayan na'ura da tsaro da kuɗin sadarwa duk sun yi tsada, kuma aikin da ake yi wa mutum dole wani ya biya. Masu ajiya su ma suna da tasu: kuɗinmu ne kuke juyawa kuna cin riba, kuma Naira hamsin ɗin da ba ta dami mai tura miliyan ba tana ci wa mai sayar da ƙosai mai cinikin dubu goma tuwo a ƙwarya. Ni ina ganin koken masu ƙaramin ƙarfi yana da tushe, domin caji mai adadi guda ya fi nauyi a kan wanda kuɗinsa kaɗan ne. Amma koke yana da ƙofar da ake kai shi. Idan banki ya cire abin da ya wuce ƙa'ida, ana rubuta masa ƙorafi, in bai warware ba a kai wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Idan kuwa haraji ne, manajan reshe ba shi da ikon ɗage shi. Maganar 'yan majalisa ce da gwamnati. Kuma koke yakan yi aiki. Masu shekaru za su tuna "fixed charge" na wutar lantarki, kuɗin da ake biya kowane wata ko an ba da wuta ko ba a ba da ba, wanda hukumar kula da harkar lantarki ta soke a 2016 bayan doguwar ƙorafi.

Akwai kalma ɗaya da ya kamata a ware: tara. Tara hukunci ce kan laifi, "fine" ake ce mata. Wanda aka ce ya biya caji bai yi laifin komai ba.

Cajin kotu: tuhuma ba hukunci ba ce

Nan ne na fi so mai karatu ya tsaya, domin nan ne kuskure ya fi muni.

A shari'a, "charge" ita ce tuhuma a rubuce: takardar da mai gabatar da ƙara ya shigar yana cewa wane, a rana kaza, a wuri kaza, ya aikata abu kaza, wanda ya saɓa wa sashe kaza na doka. Laifi ne aka ɗora wa mutum, daidai da ma'anar asali. Ɗorawa aka yi, ba a auna ba tukuna. Kafin ta akwai zargi, wanda kowa ma zai iya yi, akwai kamu, akwai bincike. Bayanta akwai gurfanarwa, inda ake karanta wa mutum tuhumar a tambaye shi ya amsa ko ya musa. Sai a saurari shaidu. Sai alƙali ya same shi da laifi, wanda shi ne "conviction", ko ya wanke shi. Sai kuma yanke hukunci, wato "sentence". Tuhuma tana tsakiyar hanya ne, kuma shari'o'i da yawa ba sa kaiwa ƙarshen hanyar.

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya faɗi wannan ƙarara. Sashe na 36, ƙaramin sashe na 5, ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Ƙaramin sashe na 6 ya ba shi haƙƙin a sanar da shi abin da ake tuhumarsa da shi dalla-dalla cikin harshen da yake ji, kuma a ba shi tafinta kyauta idan bai fahimci harshen kotu ba. Bahaushen da aka karanta wa tuhuma da Turanci ya gyaɗa kai don kunya ko tsoro, ya bar haƙƙinsa ne a ƙasa. Wannan ƙa'ida kuma ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Duk wanda ya zauna gaban malaman fiƙihu ya ji cewa kawo hujja yana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa.

Idan aka ji "ten-count charge", ana nufin takardar tuhuma guda mai ɗauke da laifuka goma da aka jera. Yawansu ba ya nuna ƙarfin hujja. Mai gabatar da ƙara yana iya jera ashirin, kotu ta yi watsi da sha tara, ko duka.

Misali na kusa shi ne na ranar 1 ga Nuwamban 2024, lokacin da aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, cikinsu har da ƙananan yara da dama daga Kano da Kaduna, waɗanda aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan shekarar. Daga cikin abin da aka tuhume su da shi har da cin amanar ƙasa. Wasu daga cikin yaran suka faɗi a cikin kotu saboda galabaita, hotunan suka zaga duniya. Kwanaki kaɗan bayan haka Shugaban Ƙasa ya ba da umarnin sakinsu, aka janye tuhumar, kotu ta kori ƙarar. Ba a taɓa samun ko ɗayansu da laifin ba. Duk wanda ya fassara "charged with treason" a ransa da cewa sun ci amanar ƙasa, ya yanke musu hukuncin da kotu ba ta yanke ba.

Wannan labarin ya kuma taɓo wata matsala: sun shafe kusan wata uku a tsare kafin ranar. Sashe na 35 na kundin ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu kuma cikin kwana biyu ko lokacin da kotu ta ga ya dace. To ta yaya mutane ke daɗewa? Hanya ɗaya ita ce abin da lauyoyi ke kira "holding charge". 'Yan sanda su kai wanda ake zargi da babban laifi, kamar kisa ko fashi da makami, gaban majistare alhali sun san ba shi da hurumin sauraron irin wannan shari'a. Majistare ya tura shi gidan yari a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Idan fayil ya kwanta a wani tebur, mutum ya kwanta a kurkuku. Sunanta tuhuma, amma aikinta riƙewa. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta yi ƙoƙarin toshe wannan ƙofa ta hanyar ƙayyade irin wannan tsarewa da kwana 14 a karon farko, sai an dawo gaban alƙali kafin a ƙara, kuma jihohi sun yi nasu dokokin a kan wannan tsari. Duk da haka, kusan biyu cikin ukun mutanen da ke gidajen yarin Najeriya masu jiran shari'a ne.

'Yan sanda da masu gabatar da ƙara suna cewa bincike yana ɗaukar lokaci, ma'aikata sun yi kaɗan, kuma sakin wanda ake zargi da kisa cikin kwana biyu yana iya jawo ɗaukar doka a hannu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai wanda ke biyan kuɗin wannan jinkiri yawanci talaka ne marar lauya, kuma idan ya fito bayan shekara biyu ba tare da an same shi da komai ba, unguwa ta riga ta sa masa suna. Ya rasa aiki, wataƙila ya rasa aure. A nan ne nake ganin fahimtar kalma tana da alaƙa da zalunci kai tsaye: jama'ar da ta ɗauki tuhuma a matsayin hukunci ba za ta damu da tsawon zaman wanda ake tuhuma ba.

Shi kansa sunan caji ofis daga nan ya fito. "Charge office" shi ne ɗakin da ke gaba a ofishin 'yan sanda, inda ake rubuta sunan wanda aka kawo da abin da ake zarginsa da shi. Hausawa suka ɗauki sunan ɗakin suka ba wa ginin gaba ɗaya. Ba ofishin biyan kuɗi ba ne, kuma a bangonsa ne ake liƙa sanarwar nan da ke cewa beli kyauta ne.

Sauke kaya: "discharge" da abin da ba ta nufa ba

Idan "charge" ɗorawa ce, "discharge" saukewa ce. Jirgin ruwa yana sauke kaya a Apapa, batir yana zubar da wuta, asibiti yana sallamar majinyaci, ɗan bautar ƙasa yana karɓar takardar sallama bayan shekara guda. Duka kalma ɗaya ce.

A kotu kuwa akwai tarko. Sallama daban, wankewa daban. Idan alƙali ya ce "discharged" kawai, an sauke wa mutum wannan tuhumar a yanzu, wataƙila saboda kuskuren tsari ko rashin zuwan masu ƙara, kuma ana iya sake kama shi a sake shigar da ita. Idan ya ce "discharged and acquitted", an sallame shi an kuma wanke shi, kuma tsarin mulki ya hana a sake yi masa shari'a kan wannan laifin, sai dai in kotu ta sama ce ta ba da umarni. Abin da Babbar Kotun Jihar Kaduna ta yi wa Sheikh Ibrahim Zakzaky da matarsa a watan Yulin 2021 shi ne na biyun. A shari'ar Nnamdi Kanu, jagoran 'yan awaren Biyafara, kuwa, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sallame shi ranar 13 ga Oktoban 2022, Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya tsaya a kan cewa sallama aka yi ba wankewa ba. Aka yi ta jayayya a kan kalmomin biyu, gwamnati ta ɗaukaka ƙara, Kotun Ƙoli kuma a watan Disamban 2023 ta ce a ci gaba da shari'ar. Iyalin da ɗansu ya fito daga kotu ya kamata su tambayi lauya wacce daga cikin biyun aka rubuta.

Ƙananan kalmomin da ke juya ma'ana

Ga ɗalibi da mai fassara, sirrin yana cikin 'yar kalmar da ke biye. "Charge for" kuɗi ne: ya caje ni Naira dubu kan gyara. "Charge at" afkawa ce, kamar yadda sa ke yin kan mutum. "In charge of" shugabanci ne, wato nauyin wuri yana wuyansa, kamar ma'aikacin lafiyar da ke riƙe da asibitin ƙauye. Amma da an saka "the" aka ce yaro yana "in the charge of" kakarsa, magana ta juye: kakar ce ke riƙon yaron. Daga wannan ma'ana ta riƙo ne aka samu muƙamin "chargé d'affaires", wanda Turanci ya bari da Faransancinsa, wato jami'in da ke riƙe da ofishin jakadanci idan babu jakada.

Mafi haɗari ita ce "charged with", domin baki biyu gare ta. Idan aka ce wani "charged with stealing", ana tuhumarsa da sata. Idan aka ce kwamiti "charged with investigating the theft", an ɗora masa alhakin binciken satar. Ginin jimlar iri ɗaya ne, sai an duba abin da ya biyo baya, laifi ne ko aiki. Mai fassara cikin gaggawa yana iya mai da mai bincike ya zama wanda ake tuhuma.

Jaridun Najeriya na Turanci kuma suna da wata al'ada tasu. Kusan kowace rana za ka ga kanun labari cewa gwamna "charges" matasa su guji shaye-shaye, ko sarki "charges" hakimai su riƙe gaskiya. Ba kotu aka kai kowa ba, ba kuɗi aka nema ba. Hori ne: ya hore su, ya yi kira gare su, ya ɗora musu nauyi.

Abin da Hausa ta yi da kalmar

Hausa ba ta ari kalmar ta ajiye yadda ta same ta ba. Ta yi mata jam'i, caje-caje. Ta yi mata aikatau, ya caje ni, za ta caji mutane. Ta samar da caja. Ta kuma ba ta ma'anonin da Bature bai sani ba. A bakin matasa, idan aka ce wane ya yi caji, ana nufin ya sha abin maye ya bugu. Idan aka ce jami'an tsaro sun caje mota a shingen hanya, ana nufin sun bincike ta, alhali Bature "search" zai ce a nan. Saboda haka jimlar "an caje shi" ita kaɗai tana iya nufin an karɓi kuɗinsa, ko an laluba aljihunsa, ko an tuhume shi.

Wasu masu kishin harshe suna ganin a kori kalmar gaba ɗaya, a ce ɗuri ko lada ko tuhuma. Wasu kuma suna cewa kalmar da tsohuwa a ƙauye ke amfani da ita ta riga ta zama Hausa, kamar yadda mota da asibiti suka zauna. Ni ina tsakiya, amma da sharaɗi. A waya da batir, caji ta zauna, kuma ba wanda zai je shago ya ce a ɗura wa wayarsa wuta a fahimce shi da sauri. A harkar kuɗi ma ta zauna, sai dai ɗan jarida ya daure ya raba wa mai sauraro cajin banki da harajin gwamnati, ya faɗi nawa ne na wa. A labarin kotu kuwa, ban ga uzurin amfani da ita ba. Muna da zargi, muna da tuhuma, muna da gurfanarwa, muna da samu da laifi, muna da sallama da wankewa, kowacce da matakinta. Idan takardar kotu ta ce "he was charged with theft", abin da ya kamata ya fita a rediyo shi ne ana tuhumarsa da sata, a kuma ƙara da ko ya amsa ko ya musa, da ranar da za a koma kotu.